Me binciken duniya kan aikin jinya ke nufi ga asibitocin Daura?

Cikin 'yan shekarun nan masarautar Daura ta sami sabbin asibitoci. Sai dai binciken da aka gudanar a ƙasashe da dama na nuna cewa yawan ma'aikatan jinya da irin horon da suka samu da kuma zamansu a bakin aiki na daga cikin manyan abubuwan da ke sa marar lafiya ya koma gida da ƙafarsa.

A watan Agustan 2019 ne tsohon shugaban Najeriya, marigayi Muhammadu Buhari, ya buɗe asibitin rundunar sojin sama a Daura, daga bisani kuma garin ya sami cibiyar kiwon lafiya ta gwamnatin tarayya.

Asibitocin garin su ne madogarar jama'ar ƙananan hukumomi biyar na masarautar, wato Daura da Baure da Mai'aduwa da Sandamu da Zango, a duk lokacin da ciwo ya fi ƙarfin ƙaramin asibitin ƙauye.

Gini da na'urori su ne abin da ido ke fara gani. To amma likita kan zagaya ɗakin marasa lafiya ne ya wuce, yayin da nas ke nan dare da rana. Ita ce ke auna zafin jiki da bugun jini, ta ba da magani a kan lokaci, ta kuma lura da cewa numfashin yaro ya canza ko jinin mai jego ya ƙi tsayawa. Idan aka makara wajen ganin irin waɗannan alamu, sau da yawa zuwan likita ba ya yin amfani.

Nas ɗaya, marasa lafiya nawa?

Wadda ta fi yin fice wajen nazarin wannan batu ita ce Farfesa Linda Aiken ta Jami'ar Pennsylvania da ke Amurka. A shekarar 2002 ita da abokan aikinta sun wallafa sakamakon binciken da suka yi a asibitoci 168, inda suka duba bayanan mutane fiye da 232,000 da aka yi wa tiyata.

Sun gano cewa duk marar lafiya ɗaya da aka ƙara wa nas a kan waɗanda take kula da su, haɗarin mutuwa cikin kwanaki 30 na ƙaruwa da kashi 7 cikin ɗari. Kazalika yiwuwar nas ɗin ta gaji da aikin, har ya fita daga ranta, na ƙaruwa da kashi 23 cikin ɗari.

A shekarar 2014 mujallar Lancet ta wallafa wani binciken mai kama da wannan, wanda aka yi a asibitoci 300 na ƙasashen Turai tara, a kan mutane fiye da 422,000. Sakamakon bai canza ba: ƙarin marar lafiya ɗaya, ƙarin haɗari na kashi 7 cikin ɗari.

Wannan adadi ba ya nufin mutane 7 cikin 100 za su mutu. A binciken na Turai, waɗanda suka rasu ba su kai 2 cikin 100 ba. Abin nufi shi ne wannan ɗan haɗarin yana ta hauhawa da kowane gadon da aka ɗora wa nas, kuma idan aka tara shi a kan dubban mutane sai ya zama rayuka masu yawa.

Binciken ya kuma taɓo batun ilimi. Duk asibitin da yawan nas masu digiri ya ƙaru da kashi 10 cikin ɗari, haɗarin mutuwa na raguwa da kashi 7. A bisa lissafin masu binciken, asibitin da kashi 60 na ma'aikatan jinyarsa ke da digiri, kuma kowacce ke kula da mutane 6, zai sami ƙarancin mace-mace da kusan kashi 30 cikin ɗari idan aka kwatanta da wanda masu digirinsa kashi 30 ne, kuma kowacce ke kula da mutane 8.

Wasu sun yi ƙorafin cewa ɗaukar ƙarin ma'aikata na da tsada. Jihar Queensland ta Ostireliya ta jarraba abin a aikace. A shekarar 2016 ta kafa dokar cewa a wasu ɗakunan asibitocin gwamnati nas ɗaya za ta kula da mutane 4 da rana, 7 da dare. Nazarin da aka wallafa a 2021 ya kwatanta asibitoci 27 da suka bi dokar da 28 da ba ta shafa ba, ya kuma nuna cewa mace-mace da komawa asibiti bayan sallama da tsawon kwanciya duk sun ragu. Kuɗin da aka tsimi sun ninka waɗanda aka kashe wajen ɗaukar ma'aikatan fiye da sau biyu.

Halin da ake ciki a Afirka

Ba za a ɗauki alƙaluman Turai a ɗora su kai tsaye a kan Daura ba. An tattara su ne daga mutanen da suka kai shekaru 50 ko fiye, waɗanda aka yi wa tiyata a asibitocin da ke da wuta da ruwa da magani. A masarautar Daura, kamar sauran yankunan arewa maso yammacin Najeriya, manyan matsalolin su ne haihuwa da zazzaɓin cizon sauro da tamowa da cututtukan jarirai.

Wani nazari da aka yi a birnin Nairobi na ƙasar Kenya ya fi kusa da wannan yanayi. Masu binciken sun zauna a ɗakunan jarirai marasa lafiya na asibitoci shida, suna rubuta abin da aka yi wa jarirai 216 da kuma abin da ba a yi ba. Sakamakon da aka wallafa a 2020 ya nuna cewa kimanin kashi 60 cikin ɗari ne kawai na ayyukan jinyar da suka wajaba aka kammala, kuma abin ya fi muni a inda nas ɗaya ke da jarirai 12 ko fiye.

Nazarin bai ɗora laifin a kan sakaci ba. Hannu biyu ne ba su isa ba. Idan aiki ya yi yawa, nas kan zaɓi abin da ya fi gaggawa, kamar allura da ƙarin ruwa, ta bar sa ido a kai a kai, wanda shi ne ke nuna cewa jiki ya fara rikicewa.

A asibitocin ƙasar Hausa, 'yan uwa masu jinya ne ke cike wani ɓangare na wannan giɓi. Su ne ke ciyarwa da wanka da sayo magani. Amma mai jinya, komai ƙaunarsa ga ɗan uwansa, ba a koya masa gane alamun haɗari ba.

Darasi daga ɗakin haihuwa

Binciken da ya fi dacewa da yankin ya fito ne daga ɗakin haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 mata kimanin 75,000 ne suka rasu a Najeriya sanadiyyar ciki ko haihuwa, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na dukkan irin waɗannan mace-mace a duniya. Zubar jini bayan haihuwa na kan gaba a cikin dalilan.

Gwajin da aka yi wa laƙabi da E-MOTIVE ya gudana a asibitoci kusan 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, ya kuma shafi mata fiye da 210,000. Jami'ar Birmingham ta Ingila ce ta jagorance shi, yayin da Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da ke Kano ta jagoranci ɓangaren Najeriya.

Matsalar da aka so magancewa ita ce ungozoma kan ƙiyasta jinin da ya zuba da ido, kuma ido na yaudara. Saboda haka aka ba su wata leda da ake shimfiɗa wa mai haihuwa, mai aljihu da ma'auni, wadda ke nuna adadin jinin. Da zarar ya kai mizanin haɗari, sai a yi abubuwa da dama a lokaci guda maimakon ɗaya bayan ɗaya: a murza mahaifa, a yi allurar da ke sa ta tsuke, a ba da maganin da ke taimaka wa jini daskarewa, a yi ƙarin ruwa, a duba inda jinin ke fitowa, sannan a kira na gaba idan abin ya ƙi.

Sakamakon da aka wallafa a watan Mayun 2023 ya nuna cewa a asibitocin da suka bi tsarin an gano kashi 93 cikin ɗari na masu zubar jini, alhali a sauran kashi 51 ne aka gano. Mummunar zubar jini da tiyata ko mutuwa saboda ita sun shafi kashi 1.6 cikin ɗari na matan, saɓanin kashi 4.3 a inda ba a canza komai ba. Raguwar ta kai kashi 60 cikin ɗari.

Ba sabon magani aka ƙirƙiro ba. Ungozomomin da ke nan tun farko ne aka horar, aka ba su ma'auni, aka kuma ba su ikon fara magani ba tare da jiran likita ba.

Turawa daban, zama daban

Sai dai horo ba zai yi amfani ba idan babu wadda za a horar a ƙauyen. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 43 cikin ɗari na haihuwa a Najeriya ne ƙwararru suka karɓa, a arewa maso yamma kuwa adadin bai kai kashi 20 ba.

Tun a shekarar 2009 gwamnatin tarayya ta ɓullo da shirin tura ungozomomi zuwa ƙananan asibitocin karkara, inda aka ɗauki sabbin da suka kammala karatu da marasa aiki da kuma waɗanda suka yi ritaya. Nazarin da aka wallafa a 2016 ya gano cewa zuwa awon ciki ya ɗan ƙaru a shekarar farko, amma ba a ga wani canji na a zo a gani ba a yawan matan da ƙwararru suka karɓi haihuwarsu.

Daga cikin dalilan da aka bayar akwai jinkirin biyan alawus da rashin wurin kwana mai kyau, lamarin da ya sa da yawa daga cikin ungozomomin suka bar wuraren da aka tura su.

Wannan ne ya sa shirin Women for Health, wanda gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2012 zuwa 2020 a jihohin da suka haɗa da Katsina da Kano da Jigawa da Zamfara da Yobe, ya bi wata hanyar daban. An riƙa zaɓo 'yan mata da matan aure daga ƙauyukan da ba su da ma'aikaciyar lafiya, ana ba su karatun share fage domin su cika sharuɗɗan shiga makarantun jinya da ungozoma, bisa yarjejeniyar za su koma gida su yi aiki. An kuma samar da ɗakunan kwana da wuraren renon yara a makarantun.

Hikimar ita ce 'yar gari ta fi saurin zama, ta san harshe da al'ada, kuma maigida ya fi sakin jiki ya bar iyalinsa ta je wurin mace 'yar uwarta.

Jihar Katsina na da makarantar koyon aikin jinya a birnin Katsina da ta ungozoma a Malumfashi, da kuma makarantun fasahar kiwon lafiya a Kankiya da Daura. Ta Daura na yaye ma'aikatan lafiyar al'umma, waɗanda su ne ke riƙe da akasarin ƙananan asibitocin ƙauyuka. A shekarar 2014 Najeriya ta amince da manufar miƙa wa irin waɗannan ma'aikata wasu ayyukan da a da nas ko ungozoma kaɗai ke yi, bisa sharaɗin ƙarin horo da sa ido. Inda babu wannan sa ido, an ƙara musu nauyi ne kawai.

Ƙaura zuwa ƙasashen waje

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Mayun 2025 ya ce yawan ma'aikatan jinya a duniya ya kai miliyan 29.8 a 2023, amma akwai giɓin miliyan 5.8. Kashi 78 cikin ɗari na ma'aikatan na aiki ne a ƙasashen da ke da ƙasa da rabin al'ummar duniya.

A watan Fabrairun 2024 hukumar da ke kula da aikin jinya da ungozoma a Najeriya ta bayyana cewa ma'aikata kimanin 42,000 sun bar ƙasar cikin shekaru uku. Hakan na faruwa ne duk da cewa Najeriya na cikin jerin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023, waɗanda ta buƙaci a daina farautar ma'aikatan lafiyarsu.

Ga wuri irin Daura, ƙaurar hawa-hawa ce. Idan nas ta bar babban asibitin koyarwa ta tafi Ingila ko Saudiyya, wata daga asibitin jiha kan maye gurbinta, ita kuma a cike nata gurbin daga ƙauye. Giɓin kan ƙare ne a kan ƙaramin asibitin da ya fi nisa da titi.

Gwamnatin tarayya ta faɗaɗa guraben ɗaukar ɗalibai a makarantun jinya, ta kuma amince da wata manufa kan ƙaurar ma'aikatan lafiya a watan Agustan 2024. Duk da haka, a ƙarshen watan Yulin 2025 ƙungiyar ma'aikatan jinya da ungozoma ta ƙasa ta shiga yajin aikin gargaɗi, inda ta nemi a inganta alawus a kuma ɗauki ƙarin ma'aikata.

Idan aka haɗa waɗannan bincike-bincike, suna ba hukumomi da sarakuna da kwamitocin lafiya na unguwanni a masarautar Daura ma'aunin da za su iya amfani da shi ba tare da wata na'ura ba. Nas nawa ce ke aikin dare a ɗakin yara, kuma gadaje nawa ke hannunta? Yaushe aka yi wa ungozomomi horo na ƙarshe, kuma akwai ledar auna jini da alluran tsayar da shi a ɗakin haihuwa? Cikin ma'aikatan da aka tura Baure ko Zango shekaru biyu da suka wuce, nawa ne har yanzu ke can?