Dillalin Gidaje Da Taurari Biyar: Talla Ce Ko Shaida?

Kwanakin baya wani ɗan ƙanena da ke aiki a ofishin wani dillalin gidaje da filaye ya aiko mini da saƙo ta waya, ya ce, "Baffa, don Allah ka shiga wannan shafi ka danna wa maigidanmu taurari biyar, ka kuma rubuta cewa mutum ne mai riƙon amana. Abin bai fi na minti biyu ba." Na kira shi na ce, "Ɗana, ni ban taɓa ganin maigidan nan naka ba, ban taɓa kama hayar ko da shago ta hannunsa ba, to, me zan shaida?" Ya yi dariya, ya ce, "Ai Baffa, kowa haka ya ke yi, taimako ne kawai." Wannan kalma ta taimako ita ce ta tsaya mini a rai, domin na san yaron ba maƙaryaci ba ne, kuma na san alhazai da manyan ma'aikata da dama waɗanda ba za su taɓa yarda su yi shaidar zur gaban alƙali ba, amma sun sha danna irin waɗannan taurari ba tare da sun ga komi a ciki ba.

Ga wanda bai saba da abin ba, ga yadda ya ke. Dillali ya kan buɗe wa ofishinsa shafi a taswirar Google, ko a Facebook, ko a ɗaya daga cikin shafunan tallan gidaje. Wanda ya yi hulɗa da shi yana iya rubuta abin da ya gani. A Google kuma ya ba shi tauraro daga ɗaya zuwa biyar, na'ura ta haɗa ta fitar da matsakaici. Ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki daga Sakkwato zuwa Abuja, ko ɗan kasuwar da ke zaune a Jidda yana son ya sayi fuloti a Kano, ba shi da wanda zai tambaya sai waɗannan rubuce-rubuce. Da su ya ke yanke shawarar wanda zai tura wa kuɗin haya na shekara guda cur, ko kuwa abin da ya tara tun farkon aikinsa.

Dillanci kansa sana'a ce ta halal. Imam Buhari ya buɗe babi musamman a kan ladan dillali, ya ambaci cewa Ibn Sirina da Aɗa'u da Ibrahim da Hasan ba su ga laifinsa ba. Kuma tun asali jarin dillali sunansa ne. Wani masani, Abner Cohen, wanda ya zauna a Sabo ta Ibadan, ya bayyana a littafinsa na 1969 yadda fataken shanu su ke sallama dukiyarsu bashi ga mahautan da ba su sani ba, saboda kawai maigidan da ya sauke su ya tsaya musu. Ran da aka ji ya ci amanar baƙo ɗaya, labari ya riga shi isa Arewa. Abin lura shi ne, a wancan tsari mai ba da labari sananne ne, an san ubansa, an san inda za a same shi. Yau kuwa mai shaida suna ne kawai a fuskar waya, yana yiwuwa ma babu mutum a bayansa sam.

To, mene ne hukuncin yabon da aka saya, ko aka roƙa daga wanda bai san komi ba? Malamanmu sun daɗe da sanin wannan cuta, suna kiranta najashi. Asalinsa shi ne mutum ya zo wurin ciniki ya taya kaya da tsada, ba don yana son saye ba, sai don na kusa da shi ya ruɗu ya bi sahu. Hani a kansa ya tabbata daga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta hanyar Abdullahi ɗan Umar, a cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim. Sahabi Abdullahi ɗan Abu Aufa har ya siffanta mai yinsa da maciyin riba kuma maha'inci. A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Halil, idan mai kaya ya san da makircin, mai saye yana da ikon mayar da kayan ya karɓi kuɗinsa.

Wani zai ce ai wannan a wurin tayi ne, shi kuwa mai danna tauraro bai taya komi ba. Amsar wannan ta zo tun intanet ba ta shiga gidaje ba. A taronta na takwas, wanda aka yi a ƙasar Burunai cikin 1993, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta lissafa surorin najashi, ta sa a ciki mutumin da ba shi da niyyar saye amma ya nuna kaya sun burge shi, ya yi ta yabonsu don ya yaudari mai saye. Ta sa dillalin da ke cewa an taya masa kaza alhali ba a taya ba. Sa'an nan ta ambaci amfani da kafofin ji da gani da na karatu wajen bayyana kyawawan siffofin da ba su dace da gaskiya ba. Mutumin da ya rubuta cewa ya sayi gida ta hannun wane ya ji daɗi, alhali bai saya ba, ban ga ta inda zai kuɓuta daga siffa ta farko ba. Shi kuwa dillalin da ya biya aka rubuta masa guda hamsin, ko ya sa manhajar kwamfuta ta ƙago masa su, ya yi hayar 'yan najashi hamsin ke nan ya zaunar da su ƙofar ofishinsa dare da rana.

Amma ni a ganina ba mai saye da kuɗi ne ya fi yawa a cikinmu ba. Wanda ya fi yawa shi ne irin saƙon da ɗan ƙanena ya aiko, wanda ke yawo a zaurukan WhatsApp na dangi da na tsofaffin ɗalibai, mutum ya ji nauyin ya ƙi. An ruwaito cewa wani ya zo gaban Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi, don ya tsarkake wani mai shaida. Umar ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne na kusa, ko sun taɓa tafiya tare, ko kuɗi sun taɓa shiga tsakaninsu. Da ya amsa a'a ga duka ukun, Umar ya shaida masa cewa bai san mutumin ba. Wanda ka ke gani a sahun gaba kullum asuba, ba ka san yadda ya ke da kuɗin kafin alƙalami ba sai ran da ciniki ya warware aka ce ya mayar. In lalle kana son ka taimaki ɗan'uwa, kana iya rubuta iyakar abin da ka sani, watau maƙwabcinka ne shekara kaza ba ka ga sharrinsa ba, ka kuma faɗi a sarari cewa ba ka taɓa ciniki da shi ba. Na lura ba a cika son irin wannan ba, kuma dalilin rashin son nasa ya isa ya nuna mana abin da a ke nema tun farko.

Turawan da suka ƙago tsarin su ma sun ɗanɗana kuɗarsu. A 2017 wani ɗan jarida a London, Oobah Butler, ya ƙirƙiri gidan abinci na ƙarya a rumfar bayan gidansa, abokansa suka yi ta rubuta yabo a TripAdvisor, har wurin da bai taɓa sayar da ko cokali ɗaya ba ya zama na ɗaya a birnin. A 2018 wata kotu a garin Lecce na Italiya ta ɗaure wani mai sayar da yabon ƙarya wata tara. Hukumar kula da ciniki ta Amurka ta kafa doka a 2024 wadda ta hana saye da sayar da irin wannan shaida, da tarar da ta haura dala 50,000 a kan kowane laifi guda, Ingila kuma ta fara aiki da nata hanin a watan Afrilu na 2025.

Sai ɗaya ɓangaren, wanda ya fi ci wa dillalai tuwo a ƙwarya, watau ranar da wani ya rubuta suka. Nan da nan sai ka ji ana cewa giba ce, ɓata suna ne. Ba kowace suka ce giba ba. Aya ta 148 ta Suratun Nisa'i ta ba wanda aka zalunta damar bayyana abin da aka yi masa. Lokacin da Faɗimatu 'yar Ƙaisu ta nemi shawarar Annabi game da mutum biyu da suka nemi aurenta, ya faɗa mata aibin kowannensu ba tare da ɓoyewa ba, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Imam Nawawi ya lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum ya halatta, kuma kai kuka da gargaɗin Musulmi suna ciki. Saboda haka wanda aka nuna wa gida da rani, aka ɓoye masa cewa ruwa na kwanciya a tsakar gidan cikin watan Agusta, ko wanda aka sayar wa fili ya je gini ya tarar da wani riƙe da takarda, yana da haƙƙin ya gaya wa jama'a. Ɓoye aibi kuwa, kowane almajiri da ya karanta Risala ya san an hana shi tare da algus da yaudara, kuma uzurin cewa gidan ba na dillali ba ne ba ya tsirar da shi, tun da da bakinsa aka yi cinikin, ya kuma karɓi la'ada.

Sai dai damar tana da iyaka. Mai suka ya faɗi abin da ya same shi, da ranar da ya faru, da adadin kuɗin, ya tsaya nan. Ba shi da izinin zagin iyaye, ko ƙara gishiri, ko tara abokai su yi wa mutum ruwan tauraro ɗaya alhali ba su san shi ba, domin wannan ma shaidar zur ce da aka juya. Haka nan dillalin da ke shiga da sunan aro ya ɓata abokin sana'arsa. Mai karatu kuma Suratul Hujurati ta umurce shi da bincike kafin ya ɗauki labari.

Yaya dillali zai yi in an soke shi? Buhari ya ruwaito cewa wani mutum ya zo neman bashin raƙumi wurin Annabi, ya gasa magana, har Sahabbai suka yunƙura, sai Annabi ya hana su, ya nuna musu cewa mai haƙƙi yana da bakin magana, ya kuma sa aka biya shi da raƙumin da ya fi nasa. Dillalin da ya fahimci wannan ba zai amsa cikin fushi ba. Zai bari zuciyarsa ta kwanta, ya duba takardunsa, in laifinsa ne ya amsa a fili inda aka soke shi, ya faɗi abin da zai yi da ranar da zai yi, sa'an nan ya kira mutumin su ƙarasa a ofis. In kuwa ƙarya aka yi masa, ya faɗi yadda abin ya ke a taƙaice, ya kai ƙara ga masu shafin, domin suna da hanyar cire rubutun bogi. Abu guda da zai kiyaye shi ne kada ya tona asirin abokin hulɗarsa don ya kare kansa. Dillalin gidaje ya san albashin mutane, ya san wanda bashi ya sa ya sayar da gidan gado, ya san wanda ya kama wa amarya gida uwargida ba ta sani ba. Duk wannan amana ce, kuma sukar da aka yi masa ba ta warware ta ba.

Akwai kuma masu garzayawa wurin 'yan sanda. Jama'a ba su manta da matar nan ta Ikko ba, wadda aka kama a watan Satumba na 2023 saboda ta rubuta a Facebook cewa wani tumatirin gwangwani ya cika zaƙi. Ko mene ne ra'ayin mutum game da shari'ar, sukar da da ta tsaya tsakanin mabiyanta sai ga ta a jaridun duniya. Dillalin da ya sa aka tsare ɗan haya saboda layi uku da ya rubuta, unguwa duka za ta ji, kuma masu gidajen da ke ba shi amanar dukiyarsu su ma suna karantawa.

Neman shaida ta gaskiya ba laifi ba ne. Dillali yana iya roƙon wanda suka gama ciniki da shi ya rubuta abin da ya gani, muddin ya roƙi kowa, ba waɗanda ya tabbata za su yabe shi kaɗai ba, kuma bai haɗa da alkawarin ragin la'ada ko katin waya ba. Ƙa'idojin Google ma sun hana duka biyun. Ni da zan ba da shawara, da na ce kada a roƙa ranar da aka miƙa makulli, lokacin da kowa ke murna. A bari damina ta wuce a kan rufin, a bari mai saye ya je ofishin filaye, ko KANGIS a Kano, ko KADGIS a Kaduna, ko AGIS a Abuja, ya ga sunansa ya hau takarda, sa'an nan a ce masa ya rubuta.

Ɗan ƙanen nawa ya sake kirana bayan mako guda, ya ce ya gaya wa maigidansa abin da na ce, maigidan ya yi shiru, sa'an nan ya ce a ɗauko littafin waɗanda suka kama haya bara a bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce cikin waɗanda suka kira ran farko, biyu sun ce sai an gyara musu famfo tukuna.