Tabarau Mai Kunna Fitila Da Kallo

Masu iya magana sun ce in da ranka ka sha kallo. To, yanzu kam kallon da kansa ya zama aiki, gama a ƙasashen Turawa an kai ga mutum ya zauna a kujerarsa, ya dubi wajen fitilar ɗakinsa, ya haɗa yatsu biyu, sai fitilar ta kama. Bai tashi ba, bai taɓa makunni ba, bai kuma aiki yaro ba. Abin da ke yin wannan aiki wani irin tabarau ne mai kwamfuta a cikinsa, wanda yakan bar mai shi ya ga ɗakinsa yadda yake, sa'an nan ya ɗora masa rubutu da hotuna a kan abin da yake gani, kamar an rataye su a iska.

Tunanin ba na jiya ba ne. Tun a 1968 wani masani mai suna Ivan Sutherland ya ƙera irinsa na farko a Jami'ar Harvard ta Amurka, amma sai da aka rataye shi daga rufin ɗaki. Kamfanin Microsoft ya fito da nasa mai suna HoloLens a 2016. Wanda ya fi jawo surutu shi ne Vision Pro na kamfanin Apple, wanda aka fara sayarwa a Amurka ranar 2 ga Fabrairu 2024 a kan dala 3,499. Yana da kyamarori 12. Waɗansu suna duban ɗaki, waɗansu suna duban hannuwan mai shi, waɗansu kuma suna ciki suna lura da ƙwayar idonsa domin su san inda yake kallo. Idan ya tsayar da ido a kan abu, ya haɗa babban yatsa da manuni kamar mai ɗibar gishiri, na'urar takan ɗauka ya ba da umarni ke nan.

Amma tabarau kaɗai ba zai kunna fitila ba, sai ita ma fitilar tana da kunnen ji. Watau dole ta zama irin wadda aka sa wa ɗan ƙaramin rediyo a ciki mai karɓar saƙo, kamar ƙwan fitila na Hue da kamfanin Philips ya fara sayarwa a 2012. Haka ake yi wa fanka, da labule, da makullin ƙofa, da na'urar sanyaya ɗaki. Saƙon yakan tashi daga tabarau, ya bi ta akwatin da ke haɗa kayan gidan, ya isa ga fitila. A waɗansu kayan ma sai ya fita ta intanet ya je ga kwamfutocin kamfani a wani gari kafin ya dawo ɗakin da aka aiko shi. A dā kowane kamfani da nasa yare, kayan wannan ba sa jin na wancan. Sai a Oktoba 2022 aka fito da wani tsari na bai ɗaya mai suna Matter, wanda Apple da Google da Amazon da Samsung suka sa hannu a cikinsa.

Mai karatu zai iya tambaya, ina amfanin wannan wahala tun da akwai wayar hannu, akwai kuma na'urorin da ake yi wa magana, irin su Echo na Amazon da ya fito a 2014? Amsar tana cikin maganar suna. Wanda yake da fitilu 20 a gidansa, in zai yi aiki da murya ko waya, dole ya raɗa wa kowace suna, ya kuma riƙe sunan a kansa: fitilar falo ta gabas, fitilar falo ta kusa da taga, da sauransu. Ɗan Adam kuwa ba haka yake yi ba. Nuni yake yi. Ko jariri kafin ya iya magana yakan miƙa yatsa ga abin da yake so, mu ma nan sau nawa muke nuna abu da leɓe kawai, a kuma gane. Wannan ne tabarau yake so ya dawo da shi. Sai dai a lura, galibi na'urar ba ta sanin wace fitila ce wace da kanta. Mai gida ne zai fara zagayawa ya kafa kowane makunni na hoto kusa da abin da yake mulki, ita kuma ta riƙe taswirar ɗakin domin gobe ta same shi a inda aka bar shi.

A nan ne babbar matsalar take, ta kuwa girmi tabarau ɗin. A 1955 wani injiniya na kamfanin Zenith mai suna Eugene Polley ya ƙera rimot na talabijin wanda ba shi da waya. Kamar tocila yake, mutum ya haska kusurwar akwatin sai tasha ta canja. Abin ya burge mutane, har ranar da hasken rana ya shigo ta taga ya faɗa a kan akwatin, shi ma ya shiga canja tasha. Akwatin bai san bambancin hasken mai gida da na rana ba. Shekara ɗaya bayan haka kamfanin ya koma ga wani rimot mai aiki da sauti.

Ido ya fi hasken rana yawo. Mutum yakan dubi abu ɗari a cikin minti kaɗan ba tare da yana nufin kome ba. A 1990 wani mai bincike, Robert Jacob, ya kwatanta wannan da labarin Midas, sarkin nan na tatsuniyar Girkawa wanda duk abin da ya taɓa yakan zama zinariya, har abincinsa. In kowane kallo umarni ne, mai gida ba zai iya ɗaga kai ba sai wani abu ya kama ko ya mutu. Shi ya sa aka raba aikin biyu: ido ya zaɓa, yatsa ya tabbatar. Duk da haka hannu ma ba ya zama wuri ɗaya. Mai cin gyaɗa yana haɗa yatsun nan biyu, mai jan zare ma haka, balle mai hira da hannu yana ba da labari. Fitila in ta mutu bisa kuskure, dariya za a yi. Amma makullin ƙofar waje fa, ko murhun lantarki? A ganina duk abin da kuskurensa zai iya jawo gobara ko ɓarawo, bai kamata a bar shi ga motsin yatsa ɗaya ba.

Akwai kuma nauyi. Vision Pro na 2024 ya kai giram 600 zuwa 650 a fuska, ban da batir da ake sa wa a aljihu, wanda ke ɗaukar kamar awa 2. Wa zai ɗaura fiye da rabin kilo a goshi domin ya kashe fanka? Microsoft ma ya daina ƙera HoloLens 2 a 2024. Inda aka dosa yanzu shi ne tabarau marar nauyi. A Satumba 2025 kamfanin Meta ya fito da Ray-Ban Display a kan dala 799, tare da wani abin ɗaurawa a wuyan hannu mai karanta ɗan lantarkin da tsoka ke fitarwa sa'ad da yatsa ya motsa, ko da hannun yana ajiye a cinya inda kyamara ba ta ganinsa.

Ga mai lafiya, gaskiya, abin ya fi kusa da wasa. Amma a tuna da wanda ciwo ya kwantar, ko wanda jikinsa ya shanye, wanda in zafi ya dame shi da tsakar dare sai ya ta da wani daga barci a kunna masa fanka. Wanda ya taɓa jinya ya san ba ciwon kaɗai ke cin majiyyaci ba, har da kunyar yawan kira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa mutane biliyan 1.3 ne ke fama da naƙasa mai tsanani, watau kashi 16 cikin 100 na jama'ar duniya. Tun kafin wannan yayi, kamfanin Tobii na ƙasar Suwidin, wanda aka kafa a 2001, yana ƙera na'urorin bin ido da shanyayyu ke rubutu da su. Ga wanda ba ya iya motsa yatsa, akwai tsarin da in ya tsayar da ido a kan makunni na ɗan lokaci sai ya danne, Apple kuma ya sa irinsa a wayoyinsa a 2024. Abin takaici shi ne waɗanda suka fi bukatar tabarau ɗin su ne suka fi ƙarancin kuɗin saye, wuyansu kuma shi ne ya fi kasa ɗaukar nauyinsa.

Sa'an nan gida ba na mutum ɗaya ba ne. Makunnin da ke rataye a iska, mai tabarau ne kaɗai yake ganinsa. Uwargida ba ta gani, yara ba sa gani, baƙo ba ya gani. Kyamarorin kuwa suna ganin kowa, har da wanda bai yarda a gan shi ba, dalilin da ya sa waɗansu gidajen abinci da na shaye-shaye a Amurka suka hana shiga da tabarau ɗin Google Glass bayan fitowarsa a 2013.

Kayan da suka dogara ga kwamfutocin kamfani kuma, ransu yana hannun kamfanin. A Mayu 2016 aka kashe akwatin Revolv gaba ɗaya, wanda mutane suka saya a kan dala 300. A Afrilu 2022 kamfanin Insteon na Amurka ya rufe kwamfutocinsa ba sanarwa, mutane suka wayi gari manhajar wayarsu ba ta kunna kome. Sai a watan Yuni waɗansu daga cikin masu amfani da kayan suka haɗa kai suka sayi kamfanin suka ta da shi. A cikin makonnin nan, makunnan Insteon da ke jikin bango sun ci gaba da aiki, masu gidajen suka riƙa tashi suna danna su da hannu.