Sufeton da aka sallama, da rahotanni 15 a aljihun tebur

Yau za mu leƙa Birtaniya ne, mu ga inda ake sauke masu neman mafaka, mu kuma ga wanda aka ɗora wa nauyin sa ido a kan masaukin.

Bari in fara da ranar 26 ga Oktoba, 2022. A wani ɗaki na majalisar dokokin Birtaniya da ke Landan, kwamitin harkokin cikin gida na Majalisar Wakilai ya zauna ƙarƙashin jagorancin Diana Johnson. Mutumin da ke gabansu sunansa David Neal, Babban Sufeton kan iyakoki da shige da fice. Kafin wannan aiki birgediya ne, ya shugabanci 'yan sandan soja. Wato idonsa ya saba da wuraren tsare mutane, ba ɗan koyo ba ne. Amma wannan tsohon soja ya shaida wa 'yan majalisa cewa abin da ya gani a Manston ya sa bakinsa ya mutu, ya rasa ta cewa.

Manston tsohon sansanin sojan sama ne a yankin Kent. An tanade shi domin tantance mutanen da suka tsallako teku daga Faransa a ƙananan jiragen ruwa: a ɗauki suna, a ɗauki hoton yatsa, a wuce da mutum cikin awa 24. Ku riƙe wannan adadi, awa 24. Neal ya ce ya tarar da wani iyali 'yan Afganistan a cikin tanti, suna kwana a kan shimfiɗa a ƙasa, yau kwanansu 32. Wurin da aka ce kwana ɗaya, sun yi wata guda da kwana biyu, da yara ƙanana. Wurin da ba a gina shi ya ɗauki fiye da mutum 1,600 ba, kafin ƙarshen watan an cusa kusan 4,000. Cutar mashaƙo ta ɓulla a ciki, irin wadda ta addabi Kano da Yobe a 2023. A watan Nuwamba wani daga cikin mutanen da aka tsare a can ya rasu a asibiti. Bayan 'yan kwanaki aka kwashe kowa.

To, ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, kuma amfanin zaman kwamiti ke nan: ana yinsa a bainar jama'a, 'yan jarida na zaune, kowace kalma tana shiga kundi.

A gurguje, ga yadda tsarin yake. Dokar kan iyakoki ta 2007 ce ta ƙirƙiro ofishin Babban Sufeto. Yana da ikon shiga filin jirgin sama, tashar jirgin ruwa, ko masaukin masu neman mafaka, ya rubuta abin da ya gani. Sai dai akwai ƙulli. Ministan cikin gida ne yake naɗa shi. Kuma tun 2014, sufeton ba ya wallafa rahotonsa da kansa; yana miƙa wa ministan ne, ministan ya gabatar wa majalisa. Ma'aikatar ta yi alkawarin yin hakan cikin mako takwas. Masu sauraro, kun ji ko? Wanda ake bincika, shi ne ke riƙe da makullin ɗakin da aka ajiye sakamakon binciken. Bahaushe zai ce an ba kura ajiyar nama.

Yanzu mu tsallaka zuwa watan Fabrairun 2024. Neal ya yi magana da jaridar Daily Mail, ya ce akwai jiragen sama na alfarma da ke sauka a filin jirgin London City ba tare da jami'ai sun duba fasinjojinsu yadda ya kamata ba. Ma'aikatar cikin gida, a lokacin James Cleverly ne minista, ta musanta alƙaluman da ya bayar. Ranar 20 ga watan aka sallame shi, ana saura wata guda wa'adinsa ya ƙare. Hujjar ma'aikata ita ce ya saɓa sharuɗɗan aikinsa, kuma minista ya daina yarda da shi. Shi kuwa, da ya koma gaban kwamitin bayan mako guda, cewa ya yi an kore shi ne saboda ya yi aikinsa. Ya kuma ce ta kiran bidiyo na Teams aka sanar da shi.

A ranar da aka sallame shi, rahotanninsa 15 ne ke hannun ma'aikata ba a fitar ba. Goma sha biyar. Wasu sun yi watanni suna shan ƙura.

Ga inda labarin ya fi ɗaukar hankalina. Ranar 29 ga Fabrairu, ma'aikatar ta saki 13 daga cikinsu a lokaci guda. Wace rana ce wannan? Ita ce ranar da Elish Angiolini ta fitar da rahotonta a kan Wayne Couzens, ɗan sandan Landan da ya yi amfani da katin aikinsa ya sace Sarah Everard, ya kashe ta a Maris ɗin 2021. Binciken ya gano cewa tun farko bai kamata a ɗauke shi aikin ɗan sanda ba, kuma rundunoni uku sun ga alamomi sun wuce. Duk gidajen jarida na ƙasar hankalinsu ya koma can. 'Yan adawa suka ce an zaɓi ranar ce domin a binne labari mara daɗi a ƙarƙashin wani labarin da ya fi shi ƙara. Ni dai ba na cikin zuciyar kowa, amma ɗan jaridar da aka zube wa rahotanni 13 da yamma, wanne zai fara karantawa?

Waɗanda suka daure suka karanta sun tsinci wani abu. Ɗaya daga cikin rahotannin a kan yaran da suka iso ba iyaye ne, aka ajiye su a otal. Wani shugaban ma'aikata ya bayyana wa masu binciken yadda suke sanar da yaran wanda ya samu gidan riƙo: sai a mayar da abin wasa, a ce su canko wanda zai tafi. Ka duba yaron da ya yi makonni yana jira, a tara su a ce su canki sunan mai sa'a, shi kuma ba sunansa ba ne.

Lokaci na ƙure mana, ga kuma batun kuɗi. A 2019 gwamnati ta ba kamfanoni uku kwangilar masaukin ta shekara goma: Serco, Mears, da Clearsprings. An ƙiyasta fam biliyan 4.5. A watan Mayun 2025 ofishin binciken kuɗin gwamnati ya ce lissafin ya koma fam biliyan 15.3, galibi saboda otal-otal. A 2023 sama da mutum 50,000 ne ke otal, ana kashe kimanin fam miliyan 8 kowace rana. Mutanen ba su suka zaɓa ba; doka ta hana yawancinsu aiki yayin da suke jiran hukunci, jiran kuma ya yi tsawo.

An kuma gwada jirgin ruwan Bibby Stockholm a Portland a matsayin masauki. Mutane sun shiga ranar 7 ga Agustan 2023, bayan kwana huɗu aka kwashe su 39 saboda ƙwayar cuta a ruwan famfo. A Agustan 2024 kuma, masu tarzoma sun yi yunƙurin cinna wa wani otal wuta kusa da Rotherham, da mutane a ciki, 'yan sanda da dama suka ji rauni wajen kare ƙofa.

A Oktoban 2025 kwamitin nan dai na harkokin cikin gida, a lokacin ƙarƙashin Karen Bradley, ya ce ma'aikatar ta ɓarnatar da biliyoyi ta hanyar sakaci da kwangilolin. Kwamiti yana iya kira, yana iya tambaya, yana iya kunyata minista. Tilasta shi ne ba ya iyawa. Gwamnati ta yi alkawarin rufe otal-otal ɗin zuwa 2029, shekarar da kwangilolin ke ƙarewa.