Masu Ɗaukar Kaya a Yaƙin Bama

'Yan'uwa ɗalibai, kowa ya taɓa jin tsofaffi suna zancen Yaƙin Bama. Amma kaɗan ne suka san cewa cikin waɗanda suka tafi akwai dubbai da aikinsu ɗaukar kaya ne kawai.

Ga yadda abin ya faru. A shekarar 1942 Jafanawa suka ƙwace ƙasar Bama daga hannun Ingilishi. Sai Ingilishi suka waiwayo Afirka ta Yamma neman soja. A nan Arewa ta hannun sarakuna da hakimai aka bi, har da Lardin Barno, inda Potiskum take a wancan zamani. Wasu sun shiga don kansu, wasu kuwa tilas aka yi musu. Aka kafa runduna biyu, ta 81 da ta 82, ta farko ta sauka Indiya a 1943.

To, dajin Bama ba ya biyuwa da mota, ga duwatsu, ga koguna, ga ruwan sama. Saboda haka aka ware ƙungiyoyin mataimaka. Su ne ke ɗora harsashi da abinci a ka, su sare hanya da adda, su ɗauko masu rauni. Galibinsu ba su riƙe bindiga, amma harsashin abokin gāba bai san wannan ba. Da wuyansu rundunar 81 ta ratsa kwarin Kaladan a 1944, har aka ci garin Myohaung a Janairun 1945.

Abin mamaki, su ma Jafanawa haka suka yi. Da suka mamaye Indunusiya a 1942, sai suka shiga ɗibar samarin ƙasar a 1943, suka sa musu suna Heiho, watau mataimakan soja. Har Bama aka kai wasunsu. Kun ga ke nan, talakawa biyu da ba su taɓa saɓawa ba, kowa yana dakon yaƙin mai mulkinsa.

Sunayen wuraren yaƙin suna nan a barikokinmu, kamar Myohaung da Arakan a Legas. Na masu kayan fa? Ku da za ku riƙe alli gobe, ku tambayi iyalan tsofaffin soja a garuruwanku, ku rubuta abin da suka gaya muku, ku koya wa yara, kada labarin ya bi masu shi kabari.