Dalilan da ke sa motar keken ɗinki fizga da yadda ake gano matsalar

A garin Dirin Daji da ke Ƙaramar Hukumar Sakaba a masarautar Zuru ta Jihar Kebbi, kamar sauran garuruwan Arewa, ba abin da ke tayar wa tela hankali irin keke ya fara gardama ana saura kwanaki kaɗan Sallah. Sai a ga motar tana fizga, ta ɗauka ta tsaya, ɗinki ya karkace, ga masu kaya sun zuba ido. Sau da yawa akan yi gaggawar sayen sabuwa, alhali gyaran bai taka kara ya karya ba.

Tun shekarar 1889 kamfanin Singer ya fito da keken ɗinki mai aiki da lantarki, kuma tsarin ƙaramar motar da ake ɗaura wa keke bai sauya sosai ba. Wuta na shiga ta wasu ƙananan sanduna biyu na kabon da sifirin ke dannawa a jikin zoben jan ƙarfe mai juyawa. Irin wannan tsari ne ke cikin yawancin jiragen ƙasa na wasa da ake tarawa a Ingila da Jamus, waɗanda ke jan wuta daga layin dogonsu. Masu wannan sha'awa sun daɗe da sanin cewa datti kaɗan a mahaɗar wuta ya isa ya sa jirgi tangaɗi. Haka abin yake ga keken tela.

Matakin farko shi ne a raba laifin keke da na mota. A cire fulogi, a sauke bel, a juya keken da hannu. Idan ya yi nauyi, to zare ne ya naɗe ko kuma mai ya bushe. A duba bel ɗin ma, domin wanda ya saki yakan zame.

Idan keken lafiya yake, sai a koma ga wuta. Ƙa'idar wutar gida a Najeriya bolt 230 ce, kuma idan ta yi ƙasa, ko ƙaramin janareta ya ɗauki kayan da suka fi ƙarfinsa, mota za ta yi sanyi. Soket mai lilo da wayar da ta karye a cikin robarta su ma suna yanke wuta lokaci zuwa lokaci. Idan motsa waya ya sa gudu ya sauya, an gano inda gizo ke saƙar. Haka nan abin takawa: in ƙura ta cika shi, keke yakan ƙi tashi, sannan ya zabura gaba ɗaya.

Daga nan sai kabon, wanda ke cinyewa a hankali. Alamarsa ita ce tartsatsi mai yawa da ƙauri. A zare wuta, a kwance murfinsa, idan ya gajarce a sauya duka biyun da masu girma ɗaya. A goge zoben da ƙyalle mai tsabta da ɗan sifirit, musamman bayan hunturu, lokacin da ƙura ke haɗuwa da garin kabon. Kada mai ya taɓa zoben, domin yana tara datti.

Amma idan an yi duk wannan, motar na zafi da sauri tana warin ƙuna, wataƙila wayar naɗinta ce ta ƙone. Wannan aikin mai gyaran lantarki ne, kuma nan ne ya dace a kwatanta kuɗin naɗi da na sabuwa.

Telan da ya duba kekensa tun kafin azumi, ya kuma ajiye kabon da bel na ko-ta-kwana, ya rage wa kansa haɗarin saɓa alkawari a daren Sallah.