ASKE GASHIN JIKI DA KOYON IYO GA BALIGI: INA MATSAYIN SHARI'A?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, wani ma'aikacin hukuma a Kabo, wanda ya haura shekara arba'in, ya zo mana da tambaya. Ya ce likita ya umurce shi da motsa jiki, shi kuwa ya zaɓi iyo, sai aka gaya masa wai gwanayen ninƙaya sukan aske gashin ƙirji da na hannu da na ƙafa. Yana son ya san ko ya halatta. Mun ga ya kamata mu amsa a wannan fili, domin ƙasar Kabo da Gwarzo ta zama ƙasar ruwa tun da aka gina madatsun Guzuguzu da Magaga, daga baya kuma aka gama na Challawa a ƙasar Ƙaraye cikin 1992. Iyayenmu rijiya da rafin damina suka sani, ba su bar mana iyo gado ba.

To, gashin jiki kashi uku ne. Akwai wanda aka umurce mu da gusar da shi, watau gashin mara da na hammata, tare da rage gashin baki. Waɗannan suna cikin abubuwa biyar na fiɗira da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira, sauran biyun su ne kaciya da yanke farce. Muslim kuma ya ruwaito daga Anas cewa an iyakance kada a bar su fiye da kwana 40. Akwai wanda aka umurci namiji ya bari, shi ne gemu. Na uku shi ne wanda shari'a ta yi shiru a kansa, kamar na ƙirji da ƙwauri da damtse, kuma Ibn Abi Zaid a cikin Risala, wadda kowane almajiri a ƙasar nan ya sani, ya bayyana cewa babu laifi a aske shi. Saboda haka ya halatta, muddin ba da nufin kamanta kai da mata aka yi ba. Gemu kuwa ba a taɓa shi saboda wasa.

Amma halas daban, bukata daban. Wannan al'ada ta 'yan tsere ce. 'Yan wasan Ostareliya ne suka yi fice da ita a gasar Olamfik ta 1956, kuma har yau ana yinta ne daf da babbar gasa, inda abin da ke tsakanin na ɗaya da na biyu bai kai ƙiftawar ido ba. Mutumin da bai iya ratsa taku ashirin cikin ruwa ba tare da haki ba, ba gashin ƙwaurinsa ne ya riƙe shi ba. In kuwa lalle sai ya aske, to, ya yi da sabuwar reza tasa ta kansa, kada ya yi tarayya da kowa a aska, domin ciwon hanta yana bin jini. Kada kuma ya miƙa wa wanzami abin da ke tsakanin cibiya da gwiwa, wannan aikin hannunsa ne.

A nan ma batun tufafi ya shigo. Al'aurar namiji daga cibiya take zuwa gwiwa, ruwa kuwa ba ya ɗauke wannan hukunci. Abin mamaki, tun 2010 dokar gasar iyo ta duniya ta yarda wa maza wando daga cibiya zuwa gwiwa, don haka ba wanda zai kafa hujja da ɗan kamfai. Sai dai nasu yana matse jiki, mu kuwa mun fi son mai ɗan sakewa.

Abin da ya fi damunmu shi ne koyon kansa. An ruwaito cewa Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, ya aika wa Abu Ubaida takarda yana umurni a koya wa yara iyo. Mu muka ɗauke shi wasan yaran ƙauye, babba yana jin kunyar a gan shi yana koyo. Ranar 30 ga Nuwamba 2021 jirgin ruwa ya kife a madatsar Watari ta Bagwai, maƙwabtanmu, mutum fiye da ashirin suka rasu, mafi yawansu ɗaliban Islamiyya masu tafiya Mauludi. Allah ya jiƙansu. A ra'ayinmu, garin da ke bakin ruwa wajibi ne a samu a cikinsa waɗanda suka iya ceto, in kuwa babu, laifin yana kan kowa.

Baligi mai koyo ya fara da ganin likita in yana da hawan jini ko ciwon zuciya. Ya nemi masunci gwani ya tsaya masa, kada ya shiga shi kaɗai ko sau ɗaya. Ya tsaya inda ruwa bai wuce ƙirji ba, nesa da bakin da madatsa ke sakin ruwa. Darasin farko numfashi ne: ya sa fuska cikin ruwa ya fitar da iska a hankali, ya ɗago ya shaƙa. Sa'an nan ya koyi kwanciya rigingine bisa ruwa har tsoro ya sake shi, bayan wannan ne bugun ƙafa da jan hannu za su zo. Minti ashirin sau uku a mako ya fi awa biyu rana guda. Wanda ya ga wani yana nutsewa alhali shi bai ƙware ba, ya miƙa masa gora ko igiya, ko ya jefa masa jarka marar komai, don mai nutsewa yakan riƙe mai cetonsa su tafi tare.

Ruwan madatsa yakan ɗauki tsargiya, wadda ke fitowa daga dodon koɗi ta ratsa fata ko da babu rauni. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ya tafi asibiti, maganinta sananne ne. Da rana cikin Ramadan kuwa mai koyo ya dakata, domin a mazhabarmu ta Maliku ruwan da ya kai maƙogwaro, ko da bisa rinjaye ne, yana wajabta ramuwar wannan yini. Ya bari sai bayan Salla. Allah ne mafi sani.