Abin da Jini ke Faɗi Bayan Yaro ya Bugu a Ka

Da wuya a rufe shekarar karatu ba a samu wanda ya bugu a ka ba. Wani a filin ƙwallo, wani ya faɗo daga kan mangwaro, wani kuma daga bayan ɗan acaɓa. Yawanci ƙululu ne ke fitowa, a sa ruwan sanyi, bayan kwana biyu a manta. Amma akan samu yaro ɗaya cikin masu yawa wanda jijiya ta tsage a cikin kansa, jini na taruwa a hankali a ƙarƙashin ƙoƙon kai yana danne ƙwaƙwalwa. Irin wannan yaro yakan iya tashi ya yi magana, har ya ci abinci, sai bayan 'yan sa'o'i ya soma galabaita. To, yaya likita zai rarrabe shi da sauran tun da wuri? A kan wannan tambaya za mu yi bayani, musamman sabuwar hanyar neman amsa a cikin jini.

Bari mu fara da abin da likita ke da shi tun dā. Yakan duba ko yaron yana buɗe ido, ko yana amsa magana, da yadda yake motsa jiki, ya ba shi maki daga 3 zuwa 15. Likitoci biyu na birnin Gilasgo, Graham Teasdale da Bryan Jennett, su suka fito da wannan ma'auni a 1974. Yana da amfani ƙwarai, sai dai yaro zai iya cin maki 15 cif alhali jini na zuba a ciki. Mai nuna zubar jinin ƙuru-ƙuru shi ne hoton na'urar CT, wadda aka fara gwadawa a kan majiyyaci a Landan a 1971.

Mai karatu zai ce, to, a ɗauki hoton kowane yaro mana a huta. Ba nan gizo ke saƙa ba. A wani bincike da aka buga a 2009, likitocin Amurka sun bi diddigin yara 42,412 da aka kai asibiti bayan buguwar kai mai sauƙi. Cikinsu 376 kaɗai aka samu da rauni mai tsanani, wato ƙasa da ɗaya cikin ɗari, 60 kuma su ne suka kai ga tiyata. Amma waɗanda aka yi wa hoton sun kusa 15,000. Hoton kuwa ba kyauta yake ba ga jiki, domin da haske mai ratsa nama da ƙashi ake ɗaukarsa, jikin yaro mai girma kuma ya fi na babba jin illarsa. Wani binciken Birtaniya na 2012 ya ƙiyasta cewa cikin kowane hoton kai 10,000 da aka yi wa yara 'yan ƙasa da shekara 10, za a iya samun ƙarin yaro ɗaya mai sankarar jini da ɗaya mai ƙari a ƙwaƙwalwa. Haɗarin kaɗan ne, bai kamata ya hana hoton da likita ya ga ya wajaba ba, amma ba abin da za a riƙa yi barkatai ba ne. Ƙananan yara ma wani lokaci sai an ba su maganin barci kafin su kwanta shiru a cikin na'urar. A wurinmu kuma akwai ƙarin matsala, domin sai manyan asibitoci ke da ita, ga kuɗi ga nisan tafiya.

Nan ne jini ya shigo. Tsakanin jijiyoyin jini da ƙwaƙwalwa akwai wani shinge mai tace abin da ke shiga da fita. Akwai kuma wasu nau'o'in furotin da mazauninsu cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne, kaɗan ƙwarai ake samu a jinin mai lafiya. Idan kai ya bugu, ƙwayoyi suka fashe, shingen ya raunana, sai su tsiyaya zuwa cikin jini. Kamar a ga gero a zube kan hanya ne, an san buhu ya huje ko da ba a ga buhun ba. Irin waɗannan su za mu kira manuniya. Ba sabon tunani ba ne, domin da daɗewa likitoci ke auna wani furotin mai suna taroponin a jini don gane bugun zuciya.

Uku ne suka fi suna. Na farko S100B, wanda aka gano danginsa tun 1965. Yana zaune ne cikin wasu ƙwayoyi masu siffar tauraro da ke hidimar ƙwayoyin jijiya, suna ciyar da su suna tallafa musu. Yakan hau da sauri bayan rauni, ya kuma sauka da sauri, domin ƙoda na fitar da shi. Shi ya sa ƙa'idar da ƙasashen Sikandinebiya suka fitar a 2013 ta ce a ɗebi jinin cikin awa 6, ga manya. Na biyu GFAP, shi ma daga ƙwayoyin tauraron yake fitowa, amma yana hawa a hankali, sai wajen awa 20 yake kai ƙololuwa. Na uku UCH-L1, wanda ke fitowa daga ƙwayoyin jijiya su kansu, yana kai ƙololuwa wajen awa 8. Da yake ɗaya mai sammako ne ɗaya kuma mai jinkiri, sai aka haɗa na biyu da na uku a gwaji guda.

A watan Fabrairun 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wannan gwaji na haɗin gwiwa, bayan an jarraba shi a kan manya kusan 2,000. A cikin waɗanda gwajin ya ce ba su da komai, fiye da 99 cikin 100 hoto ma ya nuna ba su da komai. A 2021 kamfanin Abbott ya samu izinin ƙaramar na'urar hannu mai ba da sakamako cikin minti 15, a 2024 kuma aka amince ta yi aiki da jini yadda aka ɗebo shi, ba sai an tace ba.

A lura da kyau da irin aikin gwajin, domin a nan mutane ke ruɗewa. Ƙarfinsa yana wajen cewa “babu”. In manuniyar ba ta hau ba, likita zai iya fasa hoto da kwanciyar hankali. In ta hau, ba a ce lalle akwai zubar jini ba, an dai ce a je a duba. Da yawa daga waɗanda ta hau musu, hotonsu yakan fito lafiya lau.

Duk izinin nan da muka ambata na masu shekara 18 ne zuwa sama, ke nan yawancin ɗaliban da ke riƙe da wannan mujalla ba sa ciki. Dalili kuwa shi ne yaro ba ƙaramin babba ba ne. Ƙwaƙwalwar jariri tana kan ginuwa, saboda haka S100B da GFAP sun fi yawa a jinin ƙananan yara masu ƙoshin lafiya, suna raguwa ne yayin da suke girma. Adadin da zai tayar da hankali a jinin babba, a jinin ɗan wata shida ba komai ba ne. Dole a auna dubban yara lafiyayyu, shekara bi shekara, kafin a san inda za a ja layi, ɗibar jinin yaron da ba ya ciwo kuwa ba kowane uba ke yarda ba.

S100B yana da wani aibi da ya shafe mu kai tsaye. Ba ƙwaƙwalwa kaɗai ke da shi ba, akwai shi a kitse da guringuntsi da ƙwayoyin da ke ba fata launi. Yaron da ya faɗo ya karya hannu, S100B zai iya hawa ko da kansa lafiya yake. An kuma tarar cewa baƙar fata masu lafiya sun fi Turawa yawansa a jini. Layin da aka ja da jinin Turawa, in aka kawo shi nan ba gyara, zai riƙa tura yaranmu wurin hoto ba gaira ba dalili. A ganinmu wannan aiki ne da ke jiran masu bincike na ƙasarmu, wataƙila har da wasu da ke ajin kimiyya yanzu.

Wanda zai fi kowa cin moriyar gwajin, in ya tabbata, shi ne jariri. Ba ya iya cewa kaina na ciwo. Yawan kuka da amai da barci, waɗanda ke nuna rauni a ka, su ne kuma alamun zazzaɓi da ciwon ciki, ga shi wani lokaci babu wanda ya ga faɗuwar, ko kuwa mai reno ta ji tsoron faɗi. Girgiza jariri da ƙarfi don ya yi shiru ma yana jawo zubar jini a ka ba tare da ko ƙwarzane a waje ba.

Kafin gwajin ya iso ga yara, idon mai jinya shi ne abin dogaro. Yaron da ya suma bayan buguwa, ko yana ta amai, ko ciwon kansa na ƙaruwa, ko barci ya danne shi har tashinsa na wuya, ko ya yi jijjiga, ko jini ko ruwa na fita ta kunne ko hanci, ko maɗigar jariri ta kumbura, asibiti za a nufa da shi nan take, ba ɗakin kwana ba. Ɗan wasan da ya ruɗe bayan karo kada a mai da shi fili a ranar, ko da ya rantse ya warke. Shugaban ɗaki ko malamin wasanni kuma ya rubuta ƙarfe nawa abin ya faru da tsawon inda yaron ya faɗo, domin su likita zai fara tambaya.